Shingen da Onésimo Ya Ɗaga

A tsauninmu shinge ma kwanciya yake yi. Da zarar shanu sun sauko a watan Oktoba, sai mu bi wayar mu zare ta daga jikin turaku, mu shimfiɗe ta a ƙasa da sandunanta, don in an bar ta a tsaye dusar ƙanƙara za ta danne ta har ta tsittsinke. Wata bakwai take yi tana barci a ƙarƙashin farin nan. In Yuni ya kama, kowa ya hau ya tashi rabonsa kafin ranar da ake buɗe wa shanu ƙofa.

Gida goma sha huɗu muka rage a ƙungiyar makiyayan Rito Oscuro. Dokar da kakanninmu suka bar mana ba ta da tsawo: rabonka, hannunka, ko hannun jininka, ko na matarka, ko na mijinki. Ban da ɗan ƙodago, ban da maƙwabci, ban da suruki. Wanda ya ɗaga wa wani, to da shi da wanda aka ɗaga wa, shanunsu a kwari za su ci damina. Sun kafa ta ne saboda masu hannu da shuni na birni, waɗanda suka so su mallaki ciyawa su riƙa turo 'yan aiki, alhali ko hanyar tsaunin ba su sani ba. Ni Sinforosa tun ina budurwa nake zagin dokar nan, kuma tun ina budurwa nake bin ta.

Onésimo Archibeque mijin yayata ne, marigayiya Eduvigen. Shekararsa saba'in da tara, bahago ne, dogo siriri, ga bakin tsiya. Yana da takardar izinin kiwon shanu goma sha tara a tsauni, wadda ya gada wurin mahaifinsa. Shekara uku a jere shanunsa ba su hau ba. Ta farko ƙugunsa aka yi wa aiki, ta biyu jinyar Eduvigen ce ta riƙe shi, ta uku kuwa a watan Mayu muka binne ta, ba wanda ya iya buɗe baki ya yi masa zancen shinge. Ofishin gandun daji shekara uku yake ɗaga wa mutum ƙafa. In ta huɗu ta zo shanunka ba su hau ba, takardar ta faɗi, kuma ban taɓa ganin wadda ta faɗi ta sake tashi ba. Bana ce ta huɗu.

A taron watan Maris, a zauren coci, shugabanmu Don Fidencio Jaramillo ya karanto sabon rabo, don gida biyu sun sayar sun tafi, dole a sake yanka shingen. Shekara arba'in rabon Onésimo daga Tsagaggen Dutse ne zuwa maɓuɓɓuga. Yanzu wannan ya koma hannun Don Fidencio, shi kuma Onésimo aka matsar da shi gaba, daga maɓuɓɓuga zuwa bakin kwazazzabo. Yana zaune da malafarsa a gwiwa yana ta gyaɗa kai. Na ga gyaɗa kan nan, na kuma san irinsa, don tun sanyin bara na lura hankalinsa ya fara fita yawo yana dawowa. Amma na yi shiru, kuma shirun nan har yau yana cina.

Ɗansa Leandro ya yi alkawari zai zo daga birnin Denver ya kama masa. Ana saura kwana biyar ya bugo min tarho, wai wurin aiki sun hana shi. Ban zage shi ba, albarkacin uwarsa. Kan tarhon dai na kife da ƙarfi har agogon bango ya karkace.

Washegari muka ɗaura sirdi, ni da tsohon. Hanyar tana ratsa fararen itatuwan nan da ganyensu ba ya daina rawa ko babu iska. Tafiyar awa biyu ce, kuma tun kafin rabinta haushin karnukan ƙauye yake yankewa, ba ka jin komai sai kofato da ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ciyawa inda ba ka ganinsa. A can sama numfashi gajere ne, tunani kuwa ya yi ta miƙewa. Kana kan doki sai ka rasa ko yau ce, ko wata safiya ce da ta wuce shekara talatin. Ragowar ƙanƙara na kwance a inuwar duwatsu, ta yi datti, tana ɗiga a hankali.

A mararraba ya ja linzami. Rabona yana arewa, nasa yana gabas.

"Fora," in ji shi, "kama gabanki. Kada in ga ko inuwarki kusa da wayata."

"Wa ke marmarin wayarka, tsoho? Ka dai kula kada ka murɗe gemunka a ciki."

"Gemun da yayarki ta yi shekara hamsin tana yabo?"

"Tausayi ne, Yaya, ba yabo ba."

Ya yi dariya har da tari, ya zunguri dokinsa. Na tsaya ina kallon bayansa, filaya na reto a ɗamararsa, har itatuwa suka rufe shi.

Kwana biyu muka yi haka. Mu rabu da hantsi, mu haɗu a mararraba kafin rana ta faɗi, mu sauko a gajiye. Nakan tambaye shi yaya aiki, ya ce aiki na tsoronsa. Bareyin dutse sun yi ɓarna bana, sun bi ta kan wayar tun tana kwance sun tsinka ta wuri-wuri, don haka ɗauri ya fi ɗagawa yawa. Kowa a Rito Oscuro da irin murɗinsa. In ka nuna min ɗauri a jikin waya zan faɗa maka mai shi, har da ko ya karya kumallo ran nan.

Rana ta uku na gama nawa da azahar. Na ɗauki kofi da tortiya, wato gurasar masara, da dafaffen wake mai jan barkono da na ƙunso, na ce bari in je in ga tsohon, ai doka ba ta hana kallo ba. Ina cikin tafiya gajimare ya sauko ya zauna a kan makiyayar. Goɗiyata ta rage sauri. Kunnuwanta kawai nake gani da ɗan abin da ke gabansu, sauran duniya ta zama fari mai laushi, mai jiƙa gira. Wani lokaci itace ya fito ya wuce ni kamar shi ne ke tafiya. Can na fara jin ƙarar filaya, tik, tik, tana zuwa ta dama, sai kuma ta hagu, sannan muryarsa, yana magana a hankali irin ta mutumin da ke hira da na kusa da shi.

A bakin maɓuɓɓuga na same shi. Ya saƙala sanda ta ƙarshe a jikin turke, ya ja baya yana kallo. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, fuskarsa kuwa rabon da in gan ta da annuri haka tun ranar da aka yi wa Leandro baftisma.

"Kin makara, Fora. An gama."

"Da wa kake magana?"

"Da yayarki mana. Ita ta riƙe min ɗaya ƙarshen." Ya faɗa kamar zancen yau da kullum, ya miƙo hannu ya karɓi kofi. "Ta ce kin yi ƙiba."

"Ka ce mata na gode."

Iska ta ɗan ɗage gajimaren. Na duba bayansa. Daga maɓuɓɓuga har zuwa Tsagaggen Dutse shinge na tsaye, a miƙe sambal, raɓa na jere a jikin wayar ɗigo-ɗigo. Na juya na duba gabansa. Daga maɓuɓɓuga zuwa kwazazzabo waya na kwance yadda muka bar ta a Oktoba, har ƙananan furanni shuɗaye sun fito ta tsakaninta. Kwana uku ya yi yana ɗaga rabon Don Fidencio. Nasa ko sanda ɗaya bai taɓa ba, kuma kwana ɗaya ya rage.

Na buɗe baki in faɗa masa. Sai na ga yadda kofi ke zubewa daga kofin kafin ya kai bakinsa, na ga ya zauna a kan dutse a karkace saboda ƙugun. Ko sati aka ba shi ba zai iya wani rabon ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya fi tausayin yawa. Na ce, "Ci wakenka kafin ya huce."

Washegari na ce masa ya huta, ni zan hau in ajiye gishirin shanu. Na ɗauki gishirin kuwa, don ban iya ƙarya tsagwaronta ba. Na biyo ta Tsagaggen Dutse. A gindinsa ƙasa na da laushi, na ga sawun doki mai sabon takalmi a ƙafar gaba, sabo fil, na safiyar nan. Ya zo, ya tsaya, ya bi shingen ɗan nisa kaɗan, ya juya ya koma hanyar ƙauye. Doki ɗaya ne aka sa wa takalmi a satin nan a garinmu, kuma kowa ya san na wane ne.

Na ɗaure goɗiya a maɓuɓɓuga na fara ɗaga rabon tsohon. Ka sunkuya, ka ciro sanda daga cikin ciyawa, wayar ta taso da saiwoyi da ƙasa, ka tura ƙasan sandar cikin zoben turke, ka jingina kafaɗa ka danna har saman ya shiga nasa zoben. Sannan turke na gaba. Inda ta tsinke, na riƙe filaya da hagu na murɗa ta bayan hannu yadda Onésimo yake yi. Hannuna bai san hanyar ba. Filayar ta yi ta kuɓucewa, ƙaya ta yi ta cin safar hannuna har ta ƙare ta koma cin fata. Ranar babu gajimare, sama ta yi shuɗi mai zurfi har kallonta na sa jiri. Wasu bareyi uku suka fito bakin kurmi suka tsaya suna kallona, ba su gudu ba, ba su matso ba. Na ce musu duk ku kuka ja. Wani wuri na ji kamar an riƙe min ɗaya ƙarshen sandar, ta yi sauƙi a hannuna, amma ban waiwaya ba. Rana na taɓa bakin tsauni na saƙala ta ƙarshe a gefen kwazazzabo.

Ranar buɗe ƙofa, tun da sassafe hanya ta cika da shanu, gida bayan gida, 'yan maruƙa na kuka, tururi na tashi daga bayansu. Onésimo da nasa goma sha tara suna can ƙarshen layi, inda hanya ta yi kwana, don tafiyarsa ba sauri. Da tsakar rana ma'aikaciyar gandun daji za ta zo ta bi shingen, ta ƙirga shanu, sannan a buɗe. Muna tsaye a bakin ƙofa muna shan kofi sai ga Don Fidencio ya sauko daga sama a kan dokinsa. Ni na riƙe babban ɗansa a baftisma, shi ya sa yake ce min comadre, ni kuma in ce masa compadre.

"Comadre, na bi layin da asuba."

"Sannu da ƙoƙari, compadre."

"Daga maɓuɓɓuga zuwa kwazazzabo a tsaye yake."

"To mun gode Allah."

"Murɗin hagu ne. Amma na mai koyon hagu." Ya sauko daga doki da nauyinsa. "Cire safar hannunki mu gani."

Na cire. Ba sai na yi bayani ba, yatsun sun kumbura, yankan bai ko bushe ba.

"Ni na ɗaga," na ce.

"Kin san doka."

"Na riga ka saninta. Ina bin ta kana tsotson yatsa."

Bai yi dariya ba, kuma ban ga daɗi a fuskarsa ba, wannan zan shaide shi. Ya ce, "Naki goma sha ɗaya, da nasa goma sha tara, a juya su."

"To. Sai naka sittin da biyu su yi mana jagora."

Ya ɗago kai.

"Wa ya ɗaga daga Tsagaggen Dutse zuwa maɓuɓɓuga, compadre? Rabon wa ne? Na ga sawun dokinka jiya. Ka zo, ka tarar an yi maka aiki, ka juya ka koma gida ka miƙe ƙafa."

Doña Cleofas Ulibarrí, wadda ta girme mu duka, tana zaune a bayan motar jikarta da bargo a kafaɗa. Ta ce, "Wancan kam murɗin hagu ne na gaske. An faɗa min tun shekaranjiya."

Don Fidencio ya cire malafa ya duba cikinta, ya daɗe yana dubawa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. "Na je da niyyar kwantar da shi in sake ɗagawa. Na kama sandar farko, na kasa. Kun ga yadda ya miƙe? Ko mahaifina bai taɓa jan waya haka ba. Na ce in na kwantar, zai gani, zai san abin da ya same shi."

Duk mun san abin da ke samun Onésimo, kowa yana ɓoye wa kowa tun sanyi.

Doña Cleofas ta gyara bargonta. "Taro ne ya yanka rabon nan, ko ba haka ba? To ga gida goma sha uku a tsaye, na sha huɗun yana can kwanar hanya. A mayar wa Onésimo tsohon rabonsa, ai ya riga ya ɗaga shi da hannunsa, ba shi da laifi. Daga maɓuɓɓuga zuwa kwazazzabo ya zama naka, Fidencio. Hannun wani ne a kai, sai ka je ka kwantar, ka tayar da hannunka da na 'ya'yanka. Kana da awa huɗu. In ka tsaya kallon malafa, uku."

Aka ɗaga hannu. Na Don Fidencio ne ya fara tashi.

Tsohuwar ta juyo gare ni. "Ke kuwa, 'yata, ko ta ina aka juya zancen, kin ɗaga abin da ba naki ba."

"Na sani, Doña."

"Takardarki ba za ta faɗi ba, shekara ɗaya ce."

"Na sani."

Na kuma san ciyawar kwari ba ta kai wa Agusta, na san kafin sanyi sai na rabu da wasu daga cikin shanuna, har na san wadda za ta fara tafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban sami wanda zan ɗora wa ba.

Daga bakin ƙofa ana hango kafaɗar tsaunin. Muka tsaya muna kallon mutum uku, ƙanana kamar tururuwa, suna bin layin. Shingen da na tayar ya riƙa kwanciya gaɓa-gaɓa, shiru, babu ko ƙara daga nisan nan. Sannan daga can bakin kwazazzabo ya fara tashi kuma. Wani siririn gajimare ya zo ya rufe su, ya wuce, suna nan suna yi.

Ma'aikaciyar ta zo a kan lokaci, ta bi layin, ta dawo ta ce ba ta ga aibu ba. Aka buɗe ƙofa. Gida-gida shanu suka shiga tana ƙirgawa, ni kuma na ware nawa gefen hanya. Na Onésimo ne suka zo ƙarshe. Tsohuwar saniyarsa mai ƙararrawa ce a gaba. Shekara uku rabonta da ƙofar nan, amma ko tsayawa shinshina ba ta yi ba, ta sa kai, ƙananan da ba su taɓa ganin tsauni ba suka bi ta. Goma sha tara, in ji ma'aikaciyar, ta rubuta. Shi kuwa yana zaune a kan doki a miƙe, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci.

Zai shiga ke nan ya hango ni ina juya kan shanuna.

"Fora, ina za ki da su?"

"Gida."

Ya dube ni, ya dubi shanun. Mutane duk suka sami abin kallo a ƙasa.

"Ba ki gama rabonki ba ko?" Ya girgiza kai. "Kwana huɗu, mace da ƙarfinki. Da kin yi magana ai da na..." Ya tsaya. "A'a. Doka ta hana."

"Ta hana, Yaya."

"Baɗi ki riƙa tashi da wuri. Surutu ne ya yi miki yawa."

"To."

Ya zunguri dokinsa ya bi shanunsa cikin fararen itatuwa, Don Fidencio ya ja ƙofa ya rufe a bayansa. Shanuna sun san ƙofar nan, kuma suna jin ƙararrawar tana nisa. Sau uku suna juyawa, sau uku ina taro su, na ukun da ƙyar nake ganin hanya.